Giram 11 da suka ɓace: nazarin ramar wata tsaka mai zanko a Aboabo, Kumasi

## Asalin lamarin

Mai dabbar saurayi ne ɗan shekara 26, mai gyaran waya a kusa da kasuwar Kejetia, yana zaune a gidan gado a Aboabo, cikin zangon Kumasi. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, Yaya yake ce mini. Da yake ina koyar da kimiyya a sakandare, duk abin da ya shafi awo da lissafi wurina yake kawowa. Ta haka littafin da yake rubuta nauyin dabbar ya shigo hannuna, kuma daga cikinsa na ɗauko duk alƙaluman da ke nan.

Dabbar ita ce tsaka mai zanko, wadda masana ke kira Correlophus ciliatus. Ta sha bamban da tsakar da ke bin bangon ɗakunanmu da dare. Tana da wasu 'yan tsinkayen fata masu laushi da suka taso daga saman idanunta kamar gashin ido, suka bi gefen kai suka gangara baya, shi ya sa muke ce mata mai zanko. Ba ta da fatar rufe ido, da harshe take wanke idonta. Asalinta Sabuwar Kaledoniya ne, tsibiran da ke gabas da Ostireliya a ƙarƙashin Faransa. Wani Bafaranshe mai suna Alphonse Guichenot ne ya fara bayaninta a 1866, daga nan aka daɗe ba a ƙara ganinta ba har aka ɗauka ta ƙare, sai a 1994 aka sake gano ta. Waɗanda ake kiwo a gidaje yanzu a hannun masu kiwo ake haifarsu. Babbar takan kai giram 35 zuwa 55, kuma idan ta samu kulawa tana iya yin shekara 15 zuwa 20.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan labari shi ne yanayin da jikinta ya saba da shi. Dabbar dare ce, mazauniyar bishiyoyin daji mai laima. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 26, da danshin iska na kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Idan zafi ya kai 29 ko 30 ya daɗe a haka, takan galabaita, tana iya mutuwa ma.

Ya same ta ne ranar 20 ga Agustan 2023 daga hannun wani baƙo ɗalibi, abokin cinikinsa, wanda zai bar Gana bai samu yadda zai tafi da ita ba. Mace ce, wajen shekara biyu da haihuwa, da wutsiyarta cikakkiya. Ta zo da akwatinta na gilashi mai murfin raga, da buhu ɗaya da rabi na garin abincinta, irin wanda kamfanoni kamar Repashy da Pangea ke haɗawa daga 'ya'yan itace da furotin da kalsiyam, ana dama shi da ruwa. Ba ta zo da ma'aunin zafi ba.

Mma, mahaifiyarsa, ba ta yi maraba da baƙuwar ba. Ta tashi da sanin cewa tsaka abar kashewa ce, akwai kuma hadisi a kan haka da kowane ɗan makarantar allo ya taɓa ji. Ba a warware wannan magana ba, sulhu aka yi: dabbar ta zauna a ɗakinsa na saman bene, kada ta sauko ƙasa, kada kwanonta ya haɗu da kwanukan gida, ya kuma wanke hannu da sabulu duk sanda ya taɓa ta. Sharaɗin ƙarshe likitoci ma shi suke faɗa, domin dangin ƙadangare na iya ɗauke da ƙwayar salmonela. Ɗakin nasa rufin kwano ne ba silin, tagarsa tana kallon yamma.

## Agusta zuwa Nuwamba 2023: lafiya lau

Yana da ƙaramin sikeli irin na masu auna zinariya, mai nuna har kashi ɗaya cikin goma na giram. Duk Lahadi da safe, kafin ya fita, yakan sa ta a cikin robar da ya riga ya cire nauyinta ya auna. Ranar farko giram 44.0. A ƙarshen Satumba 45.3, a ƙarshen Oktoba 46.5, ranar 26 ga Nuwamba 47.2.

Agusta shi ne watan da ranar Kumasi ta fi sauƙi, gari a lulluɓe da hadari, daga nan ƙaramar damina ta biyo baya daga Satumba zuwa Nuwamba. Yana dama mata gari ɗaya da ruwa biyu, dare ɗaya ya ba ta, dare ɗaya ya tsallake. Tana lashe kusan rabin murfin kwalba. Tana saɓa ta cinye saɓarta kamar yadda irinta ke yi, ba a ganin ko ɓurɓushi. Babu abin da ya rubuta a waɗannan watanni in ban da lamba.

## Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: hunturu

Hunturun Kumasi bai kai na Tamale ko Bolga ba, amma yana busar da leɓe, yana kuma sa mutum neman bargo da asuba. A mako na uku na Disamba ya lura cin ta ya ragu. Ranar 24 ga wata sikeli ya nuna 46.8.

Ya kawo mini maganar. Ya ce, "Yaya, ta fara barin abinci. Ko sanyin nan ne?" Mun duba abin da masu kiwonta na Turai da Amurka suka rubuta, duk bakinsu ɗaya: idan sanyi ya shigo, rana ta gajarta, takan rage ci, ta ɗan sauke giram ɗaya ko biyu, kada a damu. Na ce masa to ga amsa nan, hunturu ne, ya bari ya wuce.

Bai tsaya nan ba. Ganin shi kansa yana rawar ɗari da asuba, sai ya ɗauka ita ma haka take ji. Ranar 30 ga Disamba ya sayo ƙwan fitila irin na da, mai zafi, ya rataya shi a saman ragar akwatin. Yana kunna shi da safe idan zai fita, ya kashe idan ya dawo bayan magariba. Bai gaya mini ba, domin a ganinsa ba wani abin faɗa ba ne.

A tsakiyar Janairu saɓa ta maƙale mata a yatsu uku na ƙafar baya da kuma ƙarshen wutsiya. Wannan ne karo na farko da hakan ta faru. Saɓar da ta bushe a yatsa tana ɗaure shi kamar zare, idan aka bar ta jini ya daina zuwa, yatsan ya mutu. Ya sa ta a roba mai huji da tsumma mai ɗumi na minti 15, ya goge saɓar da auduga a hankali, ta fita. Ya ci gaba da fesa ruwa sau ɗaya a rana kamar yadda yake yi tun damina.

A wannan watan kuma garin abincin ya fara ja baya. Ba a samunsa a shagunan Kumasi, sai an aiko daga waje. Don ya ja shi ya kai, ya fara haɗa shi rabi da rabi da ayaba. Ranar 28 ga Janairu nauyinta 46.1. Giram ɗaya da ɗigo ɗaya ke nan a wata biyu, daidai da abin da littattafan suka ce a sa rai.

## Fabrairu zuwa 9 ga Maris: neman abin da za ta ci

Ƙurar hunturu ta ɗauke, zafi ya sauko. Duk wanda ya yi Fabrairu da Maris na 2024 a Kumasi ya san irin zafin da aka sha, ga dumsor, wuta ta tafi ba sallama ta dawo ba sallama. Bisa abin da muka karanta, wannan ne lokacin da ya kamata ta dawo da cinta. Sai ta yi akasin haka. Ranar 18 ga Fabrairu 44.3. Ranar 3 ga Maris 43.0. Da rana ba ta hawa reshe kamar da, sai ta kwanta a ƙasan akwatin ta manna ciki da gilashi, a kusurwar da kwanon ruwa yake. Fitilar tana nan a rataye, yana kunna ta kullum bisa sabo.

Hankalinsa duka ya tafi kan abinci. Ya ce ta gaji da garin ne. Ya gwada mangwaro, ta lasa sau biyu ta bari. Ya gwada ayaba da zuma, ta ci a daren farko, kashegari kashinta ya zo ruwa-ruwa. Ya gwada kokon jarirai na gwangwani, ba ta kalle shi ba. Wani abokinsa ya ce a ɗiga mata lemo, na hana, domin 'ya'yan itace masu tsami ba a ba irinta. Ya sa yaran unguwa suka kamo masa gyare a bayan gida, ta kama ɗaya ta bar huɗu suna yawo a akwatin har safe. Gyaren da aka kamo a kwata ba a san abin da ya ci ba, ko maganin ƙwari ko tsutsar ciki, kuma wanda aka bari ya kwana da ita yana iya cizon ta. Cikin kwana 20 ya sauya mata abinci sau shida. Awon ma ya tashi daga mako-mako ya koma kullum, wani lokaci safe da dare.

Akwai abin da littafin ya nuna wanda a lokacin ba mu kula da shi ba. Abincin da yake ajiyewa da magariba, kafin tsakar dare ya yi tsami ya bushe a gefe. A damina yakan kwana da ɗanɗanonsa.

Da ya ga duk ba su yi ba, sai ya koma ɗura. Ya samo sirinji marar allura, yana riƙe ta a hannu yana ɗiga mata a baki. Dare biyu na farko ta lashe abin da ya taɓa hancinta. A dare na uku, Asabar 9 ga Maris, wuta ta ɗauke yana riƙe da ita. Ta zabura, ya damƙe don kada ta faɗi, hannunsa ya sauka a gindin wutsiya. Ta yar da ita.

Ya kira ni a daren, muryarsa tana rawa. "Yaya, wutsiyar ta cire. Ga ta nan a ƙasa tana motsi." Tsakar gida idan ta yar da wutsiya wata takan fito. Mai zanko ba ta sake wata har ta mutu. Ba ya hana ta rayuwa, a dajin ƙasarsu ma yawancin manyan da ake gani guntaye ne, amma abin da ya tafi ya tafi. Na ce ya cire ƙasar akwatin ya shimfiɗa takarda mai tsabta har wurin ya warke, kada ya shafa komai, ya kuma auna wutsiyar kafin ya binne ta. Giram 2.4.

Bai iya cire ƙasar duka ba a daren, ya tura ta gefe ɗaya ya shimfiɗa takarda a sauran wurin.

## 10 zuwa 24 ga Maris: ƙwai, likita da ma'aunin zafi

Ranar Lahadi 10 ga Maris nauyinta 40.2. A wannan makon aka ɗauki azumi. Ranar 17 ga wata sikeli ya nuna 36.6. Giram 3.6 a mako ɗaya, ba ɗura, ba abin da ya faɗi daga jikinta da ido ya gani. Cikinta ya lotsa, ƙasusuwan ƙugu sun fito.

Ranar 19 ga wata muka kai ta wurin wani likitan dabbobi a cikin gari, a roba mai huji da jiƙaƙƙen tsumma, da sassafe kafin rana ta yi. Ya gaya mana gaskiya cewa karnuka da kaji da awaki ne aikinsa na kullum, amma ya yi abin da ya dace. Ya duba kashinta a madubin likita, bai ga ƙwan tsutsa ba. Ya taɓa muƙamuƙinta ya ji da ƙarfi, ƙafafu ba su lanƙwashe ba, wato ciwon laushin ƙashi bai kama ta ba tukuna. Ya sa ta buɗe baki ya leƙa ganda, inda irinta ke da wasu fararen jakunkuna biyu na ajiyar kalsiyam. Nata sun motse, da ƙyar ake ganinsu. Ya ɗan ja fatar gefenta, ta yi jinkirin komawa, alamar ƙarancin ruwa a jiki. Sannan ya yi tambayoyi biyu: mace ce, kun tona ƙasar akwatin? Kuma zafin cikin akwatin nawa ne da ƙarfe uku na rana?

Ba mu da amsar ko ɗaya.

A ranar muka sayi ƙaramin ma'auni mai nuna zafi da danshi tare, mai kuma riƙe mafi girma da mafi ƙanƙantar lambar da ya gani. Ranar 20 ga Maris, da fitila a kunne kamar kullum, cikin akwatin ya kai digiri 34.1 da la'asar. A nan ne na fara sanin akwai fitila. Kashegari aka kashe ta, ya tsaya a 31.6. Da ƙarfe goma na dare yana 29, domin kwanon rufi da bango suna sakin zafin da suka sha. Bai sauko 26 ba sai wajen ƙarfe uku na dare.

Da ya tona ƙasar da ya tura gefe, sai ga ƙwai biyu farare, kowanne kamar ƙaramin dabino, sun fara lotsawa. Macen wannan tsaka idan ta balaga tana iya yin ƙwai ko ba namiji, biyu-biyu, duk bayan kwana 30 zuwa 45 a lokacin yinsu. Waɗannan holoƙo ne. Mun auna su tare, giram 3.4. Ɓawon kowane ƙwai daga kalsiyam ɗin jikinta aka gina shi.

Ranar 24 ga Maris ta kai 36.1, lamba mafi ƙanƙanta a duk littafin. Daga 47.2 na Nuwamba, giram 11.1 sun tafi.

## Ƙarshen Maris zuwa Afrilu: abin da aka sauya

Kashe fitila bai isa ba, ɗakin kansa tanda ne. Ya fara da fanka, ya saita ta tana hura akwatin yini guda. Ma'auni bai sauka ko da rabin digiri ba, danshi kuwa ya faɗi. Fanka tana sanyaya mutum ne don yana gumi, tsaka ba ta gumi. Ya rufa jiƙaƙƙen tawul a gefen akwatin fanka na hura shi, aka samu sauƙin digiri ɗaya, shi ma sai da wuta. A ƙarshen Maris iskar Kumasi ta riga ta ɗauki laima, ruwa ba ya saurin bushewa balle ya ja zafi.

Wuri mafi sanyi a gidan shi ne ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, mai rufin kankare, inda rana ba ta taɓa bangonsa. Mun ajiye ma'aunin a can kwana biyu: 27.4 da la'asar, 24.8 da asuba. Sai dai ɗakin yana ƙasa, kuma a bakin ƙofarsa randar Mma take.

Ni aka tura. Na same ta bayan shan ruwa na yi mata bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan abu naku ya zama ƙadangaren bakin tulu." Na ce, "Mma, in ta ƙara mako biyu a sama ba za ta kai sallah ba." Ta ce ita ba sonta take ba, kuma ba za ta fara ba, amma dabbar da mutum ya kulle da hannunsa, ci da shanta da inuwarta suna wuyansa, ba za a kashe ta da ƙishi a gidanta cikin watan azumi ba. Ta sa aka matsar da randar zuwa ƙofar ɗakinta, ta ce a sa kwaɗo a ƙofar ɗakin ajiyar saboda jikoki. Ranar 27 ga Maris akwatin ya sauko.

Sauran gyaran ƙanana ne. A ranakun da zafi ya tsananta yakan ɗora gorar ruwa mai ƙanƙara, naɗe da tsumma, a kan ragar daga azahar zuwa la'asar. Sanyin yana gangarowa ƙasa a hankali. Idan dumsor ta narkar da ta firjin gida, sai ya saya wurin mai sayar da ƙanƙara a bakin titi. Ya sa wani ƙaramin kasko na yumɓu marar fenti a kife a cikin akwatin, ya fasa masa ƙofa, yana jiƙa shi da safe. Hikimar randa ce, ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu yana tafiya da zafi. A ƙarƙashinsa take yini yanzu. Feshi ya koma sau biyu, mai yawa bayan isha, kaɗan da asuba, a bar akwatin ya ɗan sha iska da rana don kada ya yi funfuna. Ya ajiye wata roba mai zurfi cike da jiƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, wanda ba wuyar samu a Kumasi, don ta samu wurin binne ƙwai.

A wajen abinci, an daina gwaje-gwaje. Wani ɗan'uwa da ya zo hutun sallah daga Ingila ya taho da buhu biyu na garin, kafin nan kuma aka koma ba ta ragowar tsohon zalla, ba ayaba. Ayaba tana da fosforas fiye da kalsiyam, kuma haɗa ta rabi da rabi ya raba abin da garin ke bayarwa biyu a daidai lokacin da jikinta ke gina ƙwai. Idan za a ba ta ɗan marmari, gwanda ta fi. Gyare kuwa ya fara kiwon nasa a bokiti, yana ciyar da su karas da ganye, sau ɗaya a mako ya barbaɗe uku da garin kalsiyam ya ba ta, waɗanda tsawonsu bai wuce tazarar da ke tsakanin idanunta ba. Wanda ba ta kama ba a minti 15 ya fitar da shi.

Azumi ne ya nuna masa lokacin cinta. Da ya tashi sahur ranar 30 ga Maris ya leƙa da ƙaramar tocila, ya same ta a bakin murfin tana lasar abincin da ya kwana. Daga ranar ya daina ajiyewa da magariba, sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, shafe kaɗan a gindin murfin yadda sawun harshe zai fito, ya ɗauke da safe. An daina ɗaukarta a hannu gaba ɗaya in ba ranar awo ba, awon kuma ya koma Lahadi kawai.

## Afrilu 2024 zuwa Mayu 2025: yadda ta kaya

Mako biyu na farko sikeli bai ce komai ba, 36.2 da 36.4. Kashi ne ya fara ba da labari, ya dawo da kauri da farin kansa. Ranar 21 ga Afrilu 37.9. Ranar 28 ga wata ta faɗo 34.8, ya tona robar kwakwa ya samu ƙwai biyu, ya rubuta a gefen lambar, bai sauya komai ba. Ta sake yi a farkon Yuni da tsakiyar Yuli, sannan ta tsaya. Kowane karo takan mayar da abin da ya fita cikin mako uku. Da babbar damina ta kankama ci ya buɗe. Ƙarshen Agusta 42.9, ranar 24 ga Nuwamba 44.6. Idan aka mayar da giram 2.4 na wutsiya, ta koma 47.0.

Shekara ta biyu ita ce gwajin. A hunturu ya ƙara feshi zuwa sau uku ya rufe rabin ragar, ba fitila, saɓa ba ta maƙale ba. A Fabrairu da Maris na 2025 akwatin bai wuce 27.8 ba. Duk da haka ta rage ci, tana tsallake dare ɗaya cikin uku. Ranar 23 ga Maris, kafin ƙwan farko na shekarar, nauyinta 42.8. Giram 1.8 ke nan, ba a yi mata komai a kai ba, suka dawo da ruwan Mayu.

## Hukunci

Giram 11.1 ɗin nan ba abu ɗaya ba ne. Wutsiya ta tafi da 2.4, ƙwai suka tafi da 3.4, ragowar 5.3 ne ainihin rama, ta tsoka da ruwan jiki. Wato abin da ya yi kama da asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, a gaskiya wajen kashi 11 cikin ɗari ne. Wannan ma ba ƙarami ba ne, ya isa a nemi likita. Amma lambar da ba a rarrabe ta ba ita ta tsorata shi har ya kai ga sirinji, sirinji kuma ya ci wutsiya.

Tushen ramar zafi ne, bushewar hunturu ta share masa hanya, fitila ta ƙara kusan digiri biyu da rabi a kan ɗakin da dama ya wuce iyaka. Jikin tsaka ba ya riƙe zafinsa, na wurin da take yake bi. Idan wurin ya yi zafi jikinta yana ƙona abin da ta ajiye da sauri, ita kuma a lokacin ba ta iya ci, ruwa yana fita. Duk abincin da aka gwada a Fabrairu amsa ce ga tambayar da ba ita ce matsalar ba, wasu ma sun ƙara ɓarna: ayaba ta rage kalsiyam, zuma ta ɓata ciki, yawan ɗauka da awo ya hana ta sakewa.

Shawarar da na ba shi a Disamba kuskure ce, kuma ita ta jinkirta komai da wata uku. Abin da masu kiwon Turai suka rubuta gaskiya ne a ɗakunansu, inda Janairu ke nufin sanyi da gajeriyar rana. Kumasi tana kusa da tsakiyar duniya, tsawon rana bai cika sauyawa ba, kuma daren hunturunmu da muke jin ɗari a cikinsa, a wurin wannan dabba daidai yake. Lokacin wahalarta a nan Fabrairu zuwa Afrilu ne, lokacin ƙibarta damina. Na ɗauki kalandar wata ƙasa na ɗora a kan ɗakin da ban taɓa auna zafinsa ba, alhali ma'aunin bai kai kuɗin buhun garin abinci ɗaya ba.

Shekara ta biyu ta nuna cewa akwai sauyin nauyi na yanayi da ba ciwo ba ne, ko a wuri mai kyau. A wannan dabbar bai kai giram 2 ba, yana zuwa a hankali cikin makonni, ido a buɗe, kashi lafiya, tana hawa reshe da dare. Na shekarar farko ya zo da kwanciya a ƙasa da rana, saɓa mai maƙalewa da fata mai jinkirin komawa, kuma biyun farko suna rubuce a littafin tun kafin wutsiya ta faɗi. Dabba ɗaya ce a gida ɗaya, don haka lambobin nata ne, wata tsakar za ta zo da nata.

Akwai maganar da ban gamsu da ita ba har yanzu. Ɗakin ajiyar yana tsayawa a 27 da 'yan kai a Maris, tazarar da ke tsakaninsa da iyakar haɗari ba ta wuce digiri biyu ba, kuma ƙanƙarar da ke riƙe wannan tazara tana hannun wutar da ba ta da tabbas. Duk wanda ya tambaye ni ko ya nemi irin wannan dabba a Kumasi ko Akara, ina ce masa ya fara ajiye ma'auni a ɗakin tsawon Maris guda kafin ya yanke shawara, in ya wuce 28 ya haƙura. Shi kuwa mai wannan, littafinsa yanzu yana da layi huɗu a kowace Lahadi: nauyi, zafi mafi girma na mako, danshi mafi ƙanƙanta, da ko an samu ƙwai. Ya kuma fara tara kuɗin batir da ƙaramin firji kafin Fabrairu mai zuwa.